Jarin Da Wuta Ba Ta Ci: Darasi Daga Matan Kasuwar Sabon Gari

Darasin nazari domin Zumuntar Mata da ƙananan ƙungiyoyin ikkilisiya

Wuraren karatu: 2 Sarakuna 4:1-7, Romawa 16:1-2, Filibiyawa 4:2-3

Muna roƙon shugabannin mata su karanta wannan darasi da ƙarfi a taron mako, domin iyayenmu da ba su yi karatu ba su ma su ji, sa'an nan a tsaya a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe. Iyaye maza ma su zauna su saurara, gama akwai rabonsu a ciki.

Abin da ya sa muka kawo wannan darasi

A cikin aikinmu na agaji mun yi wani kuskure wanda ya kamata mu furta a gabanku. Akwai lokacin da muka riƙa zaɓen mata ɗaya ɗaya a ƙauyuka, musamman gwauraye, mu ba wannan keken ɗinki, mu ba waccan ɗan jarin suyar ƙosai ko matsar man gyaɗa. Mukan yi addu'a tare da su, mu kama hanya. Da muka koma bayan shekara, sai muka tarar keken wata ya yi ƙura a lungun ɗaki, wata ta sayar da nata ta biya kuɗin asibitin yaro, jarin wata kuwa ya narke a bashin da dangi da 'yan ikkilisiya suka ci ba su biya ba.

Waɗannan mata ba ragwaye ba ne. Laifin namu ne: mun ba su kayan aiki, amma muka bar kowace ita kaɗai. Mai ɗinki ba ta da wadda za ta faɗa wa wani cewa ta iya ɗinki. Mai man gyaɗa ba ta da wadda za ta tsare mata jari ranar da ciwo ya shigo gida. Wannan ya sa muka juya muka dubi matan da suka daɗe suna sana'a a wuri mai wuya, mu ga abin da yake riƙe da su.

Kasuwar baƙi

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Tare da shi ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa suka zo daga kudancin Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Wajen 1913 Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa waɗannan baƙi unguwa a bayan ganuwar birni, kusa da Fagge, aka kira ta Sabon Gari. Kasuwar da ta tashi a wurin ta girma har ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Arewa. Sunanta a hukumance Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, wato sunan wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983, amma a bakin jama'a Kasuwar Sabon Gari ce. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Fagge. A layukanta za ka ji Hausa da Ibo da Yarbanci da harsunan Filato da Kudancin Kaduna da Binuwai, Kirista da Musulmi rumfa kusa da rumfa.

Mu yi tunani a kan macen da ta sauka a wannan unguwa daga garinsu. Ba ta da gona, ba ta da rumbu, ba uwa ba ƙanwa a kusa. Abin da mu mutanen ƙauye muka gada tun haihuwa, ita sai ta gina shi da hannunta. Don haka sai ta shiga ƙungiyar 'yan garinsu, ta shiga zumuntar mata a majami'arta, ta shiga adashin 'yan layinsu, ta san sunan mai rumfar dama da ta hagu. Ba don ta rasa aikin yi take zuwa waɗannan tarurruka ba. Ta san cewa ranar wahala su ne danginta.

Ranar wahalar kuwa takan zo. Cikin daren da ya waye Asabar, 26 ga Maris 2016, ana gobe Ista, gobara ta tashi a Kasuwar Sabon Gari. Hukumomi suka ce shaguna kimanin 3,800 ne suka ƙone. Mutane da yawa sun kwanta da dukiya suka tashi da toka. A irin wannan rana kaya sukan ƙone, kuɗin da aka bari a shago su ƙone, har littafin da ake rubuta masu cin bashi ya ƙone. Amma akwai abin da wuta ba ta iya ci: sunan kirki da mace ta yi a wurin wanda take saro kaya, da amincin da 'yan adashinta suka sani, da kwastomomin da za su neme ta ko a kan tebur ta koma a bakin titi. Wadda take da waɗannan tana da inda za ta sake farawa. Wadda ta yi shekaru tana ciniki ba ta gaida kowa, ita ce wuta ta cinye wa kome.

Gwauruwa da tukwanen maƙwabta

Yanzu mu buɗe 2 Sarakuna 4:1-7. Mijin wata mace ya rasu ya bar bashi. Mutum ne mai tsoron Allah, daga cikin ƙungiyar annabawa, amma wannan bai hana mai bin bashi zuwa zai kwashe 'ya'yanta maza biyu su zama bayinsa ba. Ta kai kuka wurin annabi Elisha. Da ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ba kome sai ɗan mai kaɗan. Elisha ya aike ta wurin maƙwabta ta aro tukwane da tuluna waɗanda ba kome a ciki, ya kuma gargaɗe ta kada ta aro kaɗan. Ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta, ta yi ta zuba mai har dukansu suka cika. Sa'ad da ba sauran abin zubawa, man ya tsaya. Annabin ya ce ta je ta sayar, ta biya bashin, su ci sauran ita da 'ya'yanta.

Mun saba jin wannan labari a matsayin mu'ujiza, haka yake kuwa. Amma mu lura da abubuwa uku.

Na ɗaya, Allah ya fara da abin da ke hannunta. Bai aiko mata da abin da ba ta san yadda ake sarrafa shi ba.

Na biyu, Allah yana da ikon halittar tukwane kamar yadda ya yawaita mai, amma bai yi haka ba. Ya tura ta ƙofar maƙwabta. Yawan man da ta samu ya tsaya daidai yawan tukwanen da aka ba ta aro. Da a ce mace ce mai faɗa da kowa, wadda gida biyu kaɗai za ta iya yin sallama, da albarkarta ta tsaya a tukunya biyu.

Na uku, mu'ujizar ba ta ƙare a ɗaki ba, sai da ta kai kasuwa. Man da ba a saya ba, ba ya biyan bashi. Dole wasu su ji cewa tana da mai, dole wasu su zo su saya.

Kada kuma mu manta da maƙwabtan. Ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, abin da suka bayar kuma tukunya ce wadda ba kome a cikinta. Duk da haka da tukwanensu Allah ya fanshi yara biyu daga bauta. Kada wata a cikinmu ta ce ba ta da abin taimako.

Yi wa juna talla

Wanda ya taɓa sayayya a Sabon Gari ya san wannan hali. Ka tambayi mai sayar da agushi ko tana da manja, ba za ta ce maka babu ta yi shiru ba. Za ta ce, "Zo in kai ka wurin 'yar'uwata, nata mai kyau ne," ko ta aiki yarinya ta karɓo. Gobe mai manja za ta rama. Idan wata ta tafi jinya ko jana'iza, ta kusa da ita takan duba mata rumfa, ta sayar, ta ajiye mata kuɗinta. Ciniki ya bar hannun wannan ya faɗa hannun waccan, amma bai bar layin ba, mai saye kuma ya san cewa in ya shigo wannan layi ba zai fita hannu rabbana ba.

Ba 'yan kasuwa kaɗai suka gane wannan ba. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, marubutan ƙananan littattafan Hausa a Kano, maza da mata, ba su da manyan kamfanonin da za su buga musu littafi. Sai suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Balaraba Ramat Yakubu take cikinta, suka riƙa jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin littafin kowannensu. Wanda ya sayi littafi ɗaya ya ji labarin sauran. Kowa ya ɗauki ɗan'uwansa.

Manzo Bulus ma ya yi haka. A Romawa 16:1-2 ya gabatar da Fibi, mai hidima a ikkilisiyar Kankiriya, ga masu bi na Roma waɗanda ba su san ta ba. Ya faɗi sunanta, ya faɗi aikinta, ya roƙa a karɓe ta a kuma taimake ta da duk abin da take bukata, ya ba da shaida cewa ta taimaki mutane da yawa har da shi kansa. Bai ji kunyar yabon mace a gaban jama'a ba. Mu fa? Sau nawa muka san 'yar'uwa a zumuntarmu tana yin daddawa mai kyau, amma da baƙo ya tambaya muka yi shiru?

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin abin da birni yake ci daga ƙauye yake fitowa: daddawa, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, citta daga wajen Kachia da Kwoi, acca da dankalin Turawa daga Filato. Tsakanin mai yi a ƙauye da mai saye a birni akwai hannuwa da yawa, kowane hannu kuma da la'adarsa. Amma kusan kowace ikkilisiyar ƙauye tana da 'ya'yanta da suke zaune a Kano ko Zariya ko Kaduna, suna cikin zumuntar mata a can. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, nisa ya ragu. Shugabar mata ta ƙauye tana iya kiran ta birni ta ce ana da man gyaɗa jarka kaza, a haɗa kaya a mota ɗaya, a turo kuɗin ta waya. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tsada ƙwarai, har ya zama mace ɗaya ba za ta kai tiya biyar na daddawa birni ta dawo da riba ba. Mata goma da suka haɗa kaya suka aiki mutum ɗaya za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Adashi da asusu

Talla kaɗai ba ta isa ba, sai an tsare jari. Dukanmu mun san adashi. A ce mata 10 suna zubin naira 2,000 kowane mako, kowane mako mace ɗaya za ta kwashi naira 20,000. Amfaninsa shi ne yana tara kuɗin da da sun watse a cefane. Rauninsa kuma shi ne, ciwo ba ya jiran ranar kwasarki, sa'an nan duk amanar tana hannun uwar adashi ita kaɗai.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gyara wannan. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Yadda aka fi yinsa shi ne, mata 15 zuwa 30 waɗanda suka zaɓi juna suna haɗuwa kowane mako. Ana zuba kuɗi a akwati mai kwaɗo uku, mabuɗan suna hannun mata uku dabam dabam, akwatin kuma yana gidan ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, ana kuma ƙirga kuɗin da ƙarfi. Mai bukata takan karɓi rance ta mayar da ɗan ƙari da aka yarda da shi tun farko. Akwai kuma ƙaramin asusu na dabam domin ciwo da rasuwa. Bayan kimanin shekara a raba duka, uwar kuɗi da riba, bisa ga abin da kowace ta zuba.

Wasu za su ce, mu da muke 'yan'uwa cikin Almasihu, mene ne na kwaɗo uku? Kwaɗon ba zargi ba ne. Kariya ce ga ma'aji, domin ranar da mijinta ko ɗanta ya matsa mata, ta iya cewa da gaskiya ba ta da ikon buɗewa. Rigakafi ya fi magani.

Abubuwan da suke kashe zumunci

Ikkilisiyar Filibi ta fara ne a wurin addu'ar mata a bakin kogi, inda Lidiya mai sayar da tufafin shunayya ta ba da gaskiya ta kuma buɗe gidanta (Ayyukan Manzanni 16:13-15). Amma a wannan ikkilisiya ce mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi famar aikin bishara tare da Bulus, suka sami saɓani har labari ya kai masa a kurkuku. Bulus bai goyi bayan ɗaya ba. Ya roƙi kowace da sunanta su shirya, ya kuma roƙi wani abokin aiki ya taimake su. Idan wannan ya faru a Filibi, zai iya faruwa a cikinmu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga tsagar da muka fi gani:

Hassada. Wata ta fara sayar da kunu a bakin makaranta, aka ga tana ciniki, sai mata huɗu suka kawo kunu wuri ɗaya, duka biyar ɗin suka faɗi. Da ɗaya ta kawo ƙosai, ɗaya ta kawo gyaɗa, da kowace ta jawo wa 'yar'uwarta mai saye.

Bashin zumunci. Mukan biya baƙo nan take, amma mu ce wa 'yar'uwa "sai Lahadi." Lahadi ta wuce, ita kuma kunya ta hana ta tambaya. Wanda ya ci jarin gwauruwa da sunan 'yan'uwantaka ya yi aikin mai bin bashin da ke cikin karatunmu, sai dai shi da murmushi ya zo.

Algus da mudun zamba. Idan muka yi wa 'yar'uwa talla, sunanmu muka jingina. In ta gauraya man gyaɗa ko ta bubbuge gindin mudu, ba sunanta kaɗai ta ɓata ba, har da na zumunta da na Ubangijin da muke kira. Karin Magana 11:1 ta nuna mana yadda Allah yake ƙin ma'aunin zamba.

Wariya. Zumuncin da ya tsaya a ƙabila ɗaya ko ɗarika ɗaya ƙaramin zumunci ne. Sabon Gari ya ga rikici da zubar da jini, kamar a 1953 da 1966 da 1991, amma kowace safiya mai sayar da gari Kirista tana bukatar ɗan dako Musulmi, shi ma yana bukatarta. Elisha bai ce wa gwauruwar ta zaɓi maƙwabtan da suke irinta ba. Maƙwabciyarmu Musulma da muke surfe tare, tukunyarta ma tukunya ce.

Matakan da za mu iya ɗauka

1. A taro mai zuwa, magatakarda ta rubuta sunan kowace mace da abin da ta iya yi ko take sayarwa. Kada a tsallake tsofaffi da gwauraye da 'yan mata.

2. A kowane taro a ba mace ɗaya minti biyar ta nuna kayanta, ta faɗi farashi. A ɗanɗana, a faɗa mata gaskiya cikin ƙauna in akwai abin gyara.

3. In ikkilisiya za ta yi biki ko taron ƙara wa juna sani ko ɗinkin anko, a fara duba wannan takarda kafin a tafi wani wuri, a kuma biya kuɗi hannu.

4. A zaɓi mace ɗaya mai waya da za ta riƙa magana da zumuntar mata ta birni mafi kusa. A fara da kaya iri ɗaya, kaɗan, har a ga yadda amana ta tsaya.

5. Kafin a zuba ko naira ɗaya a asusu, a yarda da dokoki a gaban kowa: nawa ne zubi, yaushe ake mayar da rance, me za a yi wa wadda ta kasa biya. Kuɗin asusu dabam, baikon ikkilisiya dabam.

6. Iyaye maza, jarin matarku ba kuɗin taki ba ne, ba kuwa na shan shayi ba. In kun ara ku mayar. Ku bar su su je taro, gama zumunta a ƙafa take.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Da ke ce gwauruwar nan, gida nawa za ki iya shiga aron tukunya yau? Akwai ƙofar da ya kamata ki je ki nemi sulhu?

2. Wace mace ce a cikinmu take da sana'a mai kyau wadda mutanen waje ba su sani ba? Wa zai zama Bulus ga wannan Fibi?

3. Akwai bashin 'yar'uwa a kanmu wanda muka yi shiru a kai? Yaushe za mu biya?

4. Me ya rushe adashi ko ƙungiyar da muka taɓa yi a baya? Wace doka ce da ta hana hakan?

5. In gobara ko ambaliya ta cinye kayan ɗaya daga cikinmu a daren yau, me muka shirya mata?

Addu'a

Ya Uba na sama, kai ne mai lura da gwauraye da marayu. Mun gode maka domin ɗan man da ka sa a gidan kowace ɗayarmu. Ka gafarta mana inda muka yi hassada, da inda muka riƙe hakkin 'yan'uwanmu, da inda muka yi shiru ba mu yabi aikin hannunsu ba. Ka tsare 'yan kasuwar Sabon Gari da na dukan kasuwanninmu daga gobara da fitina. Ka ba mu zuciyar ba da aron tukunya, da tawali'un zuwa aro. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.